An ga ƙari a hanjin ɗan ƙanwata: me ya sa sikanin ɗaya bai wadatar ba?

Kawun Yaro, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar hotunan asibiti, ko wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki, ya taimaka mini da bayani. Ɗan ƙanwata ne, shekarunsa 8, yana kwance tun ranar Litinin a sashen yara na asibitin Komfo Anokye, wanda mu mutanen Kumasi muka fi sani da Gee. Mahaifinsa direban babbar mota ne, yana kan hanyar arewa a yanzu, saboda haka duk wata shawara ni ake jira in yanke.

Abin ya fara wajen makonni shida da suka wuce da murɗawar ciki mai zuwa ta tafi. Sai ka gan shi yana wasa a ƙofar gida, can sai ya durƙusa ya dafe cikinsa ta gefen dama, zufa ta keto masa, bayan ɗan lokaci kuma ya miƙe kamar ba shi ba. An fara ba shi maganin tsutsar ciki. Daga baya wani ƙaramin asibiti a unguwa ya ce taifod ne, ya sha magani na kwana goma, ba mu ga canji ba, kuma babu wanda ya ce mana a yi hoto. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ramar: wandon makarantar da aka ɗinka masa bayan ƙaramar Sallah ya daina zama a ƙugunsa sai an ɗaure, amma cikin kuwa kullum ƙara tasowa yake yi.

Da aka yi masa sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, likita ya ce ƙarshen ƙaramin hanjinsa ya shige cikin babban hanji, kuma a kan wurin da ya shigen akwai ƙari mai kimanin santimita 5, ga kaluluwa da suka kumbura a kusa da shi. Ya ce hanjin bai toshe gaba ɗaya ba, domin yaron yana ba-haya kuma ba ya yawan amai. Suna so a yi masa siti-sikan tare da wata allura ranar Alhamis kafin su yanke abin da za a yi.

To ga abin da ya shige mini duhu. Tunda sikanin ya riga ya nuna ƙarin har da girmansa, me siti-sikan zai ƙara? Wani maƙwabcinmu ya ce hasken wannan na'ura kansa yana haifar da ciwon daji a jikin yara, gara mu nemi em-ar-ai ko da ya fi tsada. Kakar yaron kuma, wato mahaifiyarmu, cewa take yi a daina jan lokaci da hotuna, a buɗe cikin a cire abin a huta. Ni kuma tambayar da ta hana ni barci ita ce: shin duk ƙarin da aka gani a hanjin yaro kansa ne, wato ciwon daji? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Mai Ɗaukar Hoto, Asawase

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaron lafiya, ya ba ku ladan jinya. Ni ba likita ba ne, aikina ɗaukar hotunan ne, na shekara 14 ina yi, saboda haka zan tsaya a kan abin da na'urorin ke iya gani da wanda ba sa iya gani.

Sikanin da aka fara yi masa shi ne daidai wurin farawa ga yaro. Ba haske yake amfani da shi ba, wani irin sauti ne da kunne ba ya ji, ana tura shi cikin jiki ya dawo, na'ura ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Yaro ba shi da kitse da yawa a ciki, shi ya sa hanjinsa ke fitowa sarai fiye da na babba. Idan hanji ya shige cikin hanji, abin da muke gani a allo yana kama da albasar da aka yanka a tsakiya, zobe cikin zobe, idan kuma muka juya kan na'urar ta tsawo sai ya yi kama da ƙoda a inda babu ƙoda. Wannan alama ba ta da wuyar ganewa. A jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 3, inda abin ya fi aukuwa, yawanci ba a samun wani ƙari. Ana tura iska ko ruwan gishiri ta dubura a hankali, ana kallo a allo har hanjin ya koma mazauninsa. Amma yaron da ya wuce shekara 5 lamarinsa dabam ne. Idan hanjinsa ya shige, dole a nemi abin da ya ja shi, domin hanji yana ɗaukar duk abin da ya tsiro a bangonsa tamkar lomar abinci, ya yi ta tura shi gaba har ya ja bangon ya bi shi. Wannan ne ya sa ba su tura iska kawai suka sallame ku ba.

Inda sikanin ya gaza shi ne iska. Sauti ba ya ratsa iskar da ke cikin hanji, duk abin da ke bayanta sai ya zama duhu. Haka nan tamkar leƙe yake ta ƙaramar taga, wuri-wuri ake dubawa, kuma ingancinsa ya dogara da hannun mai yin sa. Likitan tiyata da likitan ciwon daji suna bukatar ganin cikin baki ɗaya a lokaci guda: ƙarin guda ne ko akwai wasu a hanta, da saifa, da ƙoda, kaluluwar sun kai har bayan ciki kusa da manyan jijiyoyin jini ko a kusa da hanjin kawai suka tsaya, jini yana isa ga ɓangaren hanjin da ya shige ko ya fara yankewa, akwai ruwa a ciki ko alamar huji. Siti-sikan yana yanka jikin a hoto sala-sala, siraran gaske, daga ƙasan huhu har ƙugu, cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Allurar da aka ambata ruwa ne mai sinadarin ayodin, yana bin jini ya haska jijiyoyi da bangon hanji, kuma in babu shi ƙarin da lafiyayyen hanji sukan fito da launi kusan iri ɗaya, a yi asarar kuɗin da hasken a banza.

Maganar maƙwabcinku tana da tushe, ba zan ce ƙarya ya yi ba, amma sai an ɗora ta a ma'auni. Siti-sikan yana amfani da hasken eksire, kuma jikin yaro ya fi na babba jin sa, saboda ƙwayoyin jikinsa suna kan girma kuma yana da shekaru masu yawa a gaba. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 2012, wanda ya bi diddigin yara da matasa kusan 180,000, ya nuna haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan hasken da ya taru a jiki. Sai dai lissafin da suka yi wa hoton kai a yara 'yan ƙasa da shekara 10 shi ne ƙarin mutum ɗaya mai kansar jini da ɗaya mai ƙarin ƙwaƙwalwa a cikin kowane hoto 10,000, a tsawon shekara goma. Kowane ɗan Adam kuma yana samun irin wannan haske daga ƙasa da iska da sararin sama, matsakaicin duniya kimanin milisibat 2.4 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin wannan haske), kuma hoton ciki ɗaya da aka daidaita wa yaro bai wuce abin da jiki ke tarawa a shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru kaɗan ba. A ɗaya gefen ma'aunin akwai ƙari na santimita 5 da ke nan yau a cikin yaron. Ni da ɗana ne, ba zan yi jinkiri ba. Abin da nake ƙi shi ne a yi ta maimaita hoton ba dalili, ko a yi wa yaro da ma'aunin babba. Kana da haƙƙin ka tambaya ko za a saita na'urar daidai da nauyinsa, kuma ko zagaye ɗaya za a ɗauka bayan allurar maimakon biyu ko uku, domin a irin wannan matsala zagaye ɗaya yakan wadatar.

Em-ar-ai ba shi da wannan hasken ko kaɗan, maganaɗisu ne mai ƙarfi, kuma wajen bambance tsoka da tsoka ya fi siti-sikan. Matsalarsa lokaci. Yaro zai kwanta cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa na rabin awa ko fiye ba motsi, ana ce masa ya riƙe numfashi sau da yawa, hanjin kansa kuma motsi yake yi har sai an yi allurar da za ta lafar da shi. Yaron da ciwo ke murɗa wa ciki ba ya iya wannan sai da allurar barci, ita kuma tana da nata haɗarin da nata jiran. Na'urorin ma ba su da yawa a ƙasar nan. Ga yaron da za a riƙa dubawa shekara bayan shekara, em-ar-ai ya fi dacewa. Ga wanda ake so a san halinsa cikin makon nan, zaɓin likitocinku yana da hujja.

Uwar 'Yan Uku, Nima, Akra

Sannu da jinya, ɗan'uwa. Na karanta bayaninka sai da hawaye suka zubo mini, domin wannan durƙusawar da ka faɗa na gan ta da idona a jikin 'yata lokacin tana shekara 11. Ina so in amsa tambayarka ta ƙarshe da abin da ya same mu: a'a, ba kowane ƙari ne kansa ba.

Ita nata ya fara da ƙarancin jini. Kusan shekara guda muna sayen maganin ƙarin jini a kantin magani, idan aka ga ɗan jini a bayan gidanta sai manya su ce basir ne. Ranar da hanjinta ya shige ta yi amai kore shar, aka yi sikanin da dare, kafin asuba an shiga da ita tiyata. Abin da aka ciro tsiro ne mai wuya kamar naman kaza, kuma da sakamakon ɗakin gwaji ya fito aka ce ba kansa ba ne. Sai wata likita ta ce yarinyar ta buɗe baki, ta juya leɓenta na ƙasa, ta nuna mini ɗige-ɗige baƙaƙe a ciki kamar an yayyafa tawada. Ni da na haife ta ban taɓa lura ba, saboda a fata irin tamu ba sa fitowa a waje sosai. Ta tambaya ko wani a dangi ya taɓa yin aikin hanji yana yaro, sai maigida ya ɗaga rigarsa ya nuna tabon aikin da aka yi masa tun yana firamare, wanda ba a taɓa gaya masa dalilinsa ba. Sunan ciwon Peutz-Jeghers, gado ne, kuma kowane ɗan da mai shi ya haifa yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi. Masu shi sai an riƙa bin su da dubawa har girma, domin tsiron yana sake fitowa kuma haɗarin kansa a gaba ya fi na sauran mutane.

Shi ya sa mu em-ar-ai ake mana, kamar yadda Malam mai ɗaukar hoto ya ce, tare da duba hanjin da bututu mai kyamara lokaci-lokaci. Kafin hoton sai ta sha ruwan magani wajen lita ɗaya a hankali cikin kusan awa guda, don hanjin ya buɗe a ga bangonsa, sannan ta kwanta rub da ciki a sa mata abin toshe kunne. Karon farko ta yi amai bayan kofi na uku, aka ɗaga mana rana. Yaron da ke cikin ciwo irin naku ba zai iya shan wannan ruwan ba.

Ku duba bakin yaron da cikin kumatunsa da tocila, ku tambayi dangin uwa da na uba ko an taɓa yi wa wani aikin hanji ko yana zubar da jini, ku gaya wa likita ko da kuna ganin ba shi da muhimmanci. Hajiya kakarsa kuma a yi mata bayani a hankali, tsoro ne ya sa take son a gama da wuri.

Likitan Yara

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga yaron ba kuma ban ga hotunan ba, don haka kada ka ɗauki maganata a madadin ta likitocin da ke kansa. Zan dai faɗa maka yadda muke tunani idan aka kawo mana yaro mai irin waɗannan alamu a ƙasar nan, domin ka fahimci dalilin matakan da suke bi.

Ƙarin hanji a yara abu ne da ba a cika gani ba, kuma nau'insa ba irin na manya ba ne. Akwai tsiron da ke fita a babban hanjin ƙananan yara ya riƙa zubar da jini ba ciwo, ba kansa ba ne, ana tsinke shi ta bututu. Akwai na gado irin wanda Uwar 'Yan Uku ta bayyana. Akwai jakar ruwa da ake haihuwar yaro da ita manne da hanji, wadda sikanin ke ganewa ta bangonta mai ninki biyu. Akwai ɗan ƙaramin ƙarin da ake tsinta a cikin afendis bayan an cire shi, yawanci cirewar ta isa magani. Kansar babban hanji irin ta dattawa kuwa da wuya ƙwarai a gan ta a ɗan shekara 8.

Amma yaro namiji mai waɗannan shekaru, da rama, da ciki mai tasowa cikin makonni, da ƙari a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, abu biyu ne muke sa wa a gaba. Na farko kansar ƙwayoyin kaluluwa da ake kira Burkitt, da sunan likitan tiyata Denis Burkitt wanda ya bayyana ta a 1958 a Yuganda bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin ƙwayoyin wannan ƙari, kuma an tabbatar wannan kansar ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wato irin yankinmu. Mutane sun fi saninta da kumburin fuska, amma tana kama ciki sosai, kuma ƙarshen ƙaramin hanji wuri ne da take so saboda ƙwayoyin kaluluwa sun taru a bangonsa. Ba baƙuwa ba ce ga likitocin Gana. Farfesa Francis Nkrumah, ɗan Kwame Nkrumah, yana cikin waɗanda suka daɗe suna aiki a kanta a asibitin Korle Bu da ke Akra. Na biyu shi ne tarin fuka na ciki, wanda shi ma wannan mahaɗar yake kamawa, ya kaurara bangon hanji, ya kumbura kaluluwa, ya tara ruwa, ya ramar da yaro. A hoto sukan yi kama har ƙwararre ya tsaya yana nazari. Akwai alamun da ke karkatar da zato, misali kaluluwar tarin fuka takan ruɓe a tsakiya ta bar zobe mai haske a gefe, ita kuwa Burkitt takan kaurara bangon hanji ƙwarai ba tare da ta toshe shi da wuri ba, amma zato ne.

A nan nake so ka riƙe abu ɗaya da kyau: hoto yana faɗin inda abin yake, da girmansa, da inda ya kai, amma ba ya faɗin sunansa. Sunan sai an ɗebo wani abu daga jikin ƙarin an sa a gilashi an duba da madubin ƙara girma. Ana iya ɗebowa da allura ana kallon sikanin, ko a zuƙo ruwan cikin idan akwai, ko a yanko a tiyata. Siti-sikan na ranar Alhamis shi ne zai nuna hanya mafi aminci ta isa gare shi ba tare da an huda hanji ba.

Wannan kuma shi ne amsar Hajiya kakarsa. Idan hanjin ya toshe, ko ya huje, ko jini ya daina isa gare shi, tiyata ce nan take, ba a jiran kowane hoto. Idan ƙarin guda ne a wuri ɗaya kuma zai ciru gaba ɗaya cikin sauƙi, cire shi yana da amfani, sai a bi da gajeren magani. Amma idan Burkitt ce kuma ta bazu a ciki, babban yanka ba ya warkar da ita, yana ma jinkirta maganin da ke warkarwa, domin sai rauni ya kama kafin a fara kemo, wato maganin kansa. Ƙari ne da kan ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma wannan saurin nasa ne ya sa yake narkewa da magani har ka ga ciki ya sace cikin kwanaki. A ƙasashen da ke da cikakken kayan aiki, fiye da yara 90 cikin 100 suna warkewa. A nan abin da ya fi cin yaranmu shi ne zuwa a makare da kuma barin magani a tsakiya.

Ina roƙonku da babbar murya kada kowa ya ba shi wani magani daga gida, musamman deksametazon ko firedinisolon, irin ƙwayoyin da ake saya don ƙiba ko buɗe cin abinci. Suna iya narkar da wani ɓangare na irin wannan ƙari na ɗan lokaci, su ɓata sakamakon gwaji, kuma narkewar ba shiri tana iya zuba gubar da za ta kama ƙoda. Idan ya riga ya sha wani abu makamancin haka, ko jiƙo, ku faɗa ba tare da jin kunya ba. Idan kuma kuka ga amai kore, ko ciki ya ɗaure tamau, ko jini da majina a bayan gida, ko yaron ya yi laushi ba ya son magana, ku kira nas a take ko da tsakar dare ne.

Game da kuɗi, a watan Nuwamba na 2021 aka sanar da shigar da kansar yara iri huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa: Burkitt, da kansar ƙoda ta Wilms, da kansar ido, da wani nau'in kansar jini. Ka tabbatar katinsa bai ƙare ba tun yau, ka kuma je ofishin walwalar jama'a na asibitin ka tambayi abin da katin ke ɗauka da wanda za ku nema.

Kawun Yaro, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku duka. Likita, na tambayi ƙanwata, ta ce wata goggonsa ta taɓa kawo masa wasu ƙananan ƙwayoyi farare don ya riƙa cin abinci, ya sha na kwana uku wajen makonni biyu da suka wuce. Mun samo ledar, na kai wa likitan da ke zagaye da safe, ya karɓa ya rubuta a fayil. Uwar 'Yan Uku, mun duba bakinsa, ba mu ga ɗigo ba, amma mahaifinsa zai tambayi danginsa. Mahaifiyarmu ta sauko da na karanta mata bayanin tiyatar. Saura abu ɗaya, Malam mai ɗaukar hoto: yau sun ɗebi jininsa sun ce sai sun ga lafiyar ƙoda kafin allurar, kuma yaron tun da ya ji maganar na'ura yake kuka yana cewa ba zai shiga rami ba. Yaya ake shirya shi?

Mai Ɗaukar Hoto, Asawase

Gwajin jinin daidai ne, Malam. Ƙoda ce ke fitar da ruwan allurar ta fitsari, kuma a irin ciwon da ake zato ƙodar kan riga ta gaji, shi ya sa suke dubawa, wataƙila ma su ƙara masa ruwa kafin hoton da bayansa. Ka gaya musu idan yana da asma ko ya taɓa yin borin wani magani. Sa'o'in da zai yi bai ci abinci ba nas za ta faɗa muku, ku bi nata lissafin.

Shi kuma yaron, ka gaya masa gaskiya: ba rami ba ne, zobe ne babba kamar tayar mota, buɗe gaba da baya, gadon ne ke wucewa ta cikinsa, kuma babu abin da zai taɓa shi. Abin da ya fi firgita yara shi ne allurar idan ba a gaya musu ba, domin tana sa ɗumi ya bi jiki daga wuya zuwa mara, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, yaro ya ji kamar ya yi fitsari a wando alhali bai yi ba. Cikin minti ɗaya ya wuce. Tun yau ku riƙa gwadawa a gadonsa: ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannuwa sama da kai, ya riƙe numfashi kana ƙirga masa zuwa goma. Ɗan shekara 8 da aka yi wa haka da wuya ya bukaci allurar barci. Ana barin mutum ɗaya ya tsaya kusa da kansa sanye da rigar dalma, amma ba mai juna biyu ba, don haka idan ƙanwarka tana da ciki kai za ka shiga. A cire masa laya ko guru ko duk abin da ke da ƙarfe a ƙugu kafin a sauko da shi, mahaifiyarsa ta riƙe, domin ƙarfe yana zana fararen layuka a daidai wurin da ake son gani.

Bayan an gama, ka nemi faifan hotunan tare da takardar sakamakon, ka haɗa da na sikanin farko a jaka guda. Da su za a gwada duk hoton da za a yi nan gaba, kuma idan an fara magani yawancin bibiyar da sikanin ake yin ta, ba sai an koma siti-sikan kowane lokaci ba. Ranar Alhamis ku isa ɗakin hoton da wuri, allurar ƙarin ruwan da ke hannunsa kuma a duba tun a ɗakin kwanciya cewa tana tafiya, don kada a sake huda shi a can yana tsorace.